Prejudice, bias, discrimination, unfair: wai duk abu ɗaya suke nufi?

Ɗalibar Fassara:
Assalamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. An ba mu aikin fassara wani rubutu kan haƙƙin ɗan Adam, sai ga marubucin ya jero prejudice, bias, discrimination da injustice a sakin layi guda, can ƙasa kuma ya ƙara da unfair. Na buɗe ƙamus, kowace kalma sai ta tura ni wajen 'yar uwarta. In na biye wa ƙamus, "nuna bambanci" da "rashin adalci" zan yi ta maimaitawa har ƙarshen shafi. Don Allah akwai bambanci na gaske a tsakaninsu, ko kwalliya ce kawai irin ta marubuta?

Tsohon Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam, 'yata. Bambanci akwai shi, babba ma kuwa. Hanyar da na ga ta fi zama a kan ɗalibi ita ce ya tambayi kansa inda abin yake zaune: a zuciya ne, a ma'auni, a aiki, ko a sakamako.

Prejudice a zuciya yake. Asalinsa Latin ne, praejudicium. Prae na nufin kafin, judicium kuma hukunci, wato hukuncin da aka yanke tun ba a zauna shari'a ba. Mutum bai taɓa cin kasuwa da Bafulatani ba, bai taɓa maƙwabtaka da Bayarabe ba, amma ya riga ya gama da su a ransa. Irin wannan mutum zai iya rayuwa har ya koma ga Allah bai cuci ko ɗaya daga cikinsu ba, don dai bai taɓa samun iko a kansu ba. Duk da haka Bature zai ce da shi prejudiced.

Discrimination kuwa sai an aikata. An hana mutum hayar gida, an ƙi ɗaukarsa aiki, an fitar da shi daga layi, saboda ƙabilarsa ko addininsa, ko an hana mace don ita mace ce. Tun asali rarrabewa kalmar take nufi, shi ya sa har yau in aka ce wani yana da discriminating taste, yabo ne, ma'ana ya iya zaɓe. Daga baya ne ma'anar ware mutane ta rinjaya.

Unfair da unjust suna magana ne kan abin da ya samu mutum, kuma ba lallai sai da ƙabila ko jinsi a ciki ba. Malami ya ba aji jarrabawa kan babin da bai koyar ba. Wannan unfair ne, alhali bai tsani kowa ba, duk ajin abin ya shafa. Bias kuwa zan dawo kansa, shi ne mai wuyar sha'ani.

Tela Mai Zare:
Baba Malam, kafin ka zo kan bias ɗin. Mu ma a ɗinki muna da abin da ake kira haka. In za a naɗe bakin wuyan riga, ba a yanka ƙyallen a miƙe, a karkace ake yanka shi ya ratsa saƙar, don ya yarda ya lanƙwasa ya bi zagayen wuyan. Ko suna da alaƙa?

Tsohon Malamin Turanci:
Kalma ɗaya ce, Malam Tela, ka ma rage mini aiki. Daga Faransanci biais ta shigo Turanci, ma'anarta karkace. Akwai kuma wani tsohon wasa a Ingila da ake kira bowls, ana gangara ƙwallo a kan ciyawa. Ƙwallon gefensa ɗaya ya rinjayi ɗaya, saboda haka ba ya tafiya a miƙe, sai ya sha kwana. Wannan rinjayen shi ne bias, daga nan aka ɗauko shi aka ɗora wa alƙali da ɗan jarida da malami.

'Yata, lura da abu biyu. Karkata tana iya zama zuwa ga mutum, tana iya zama barinsa, shi ya sa ake cewa biased in favour of, ake kuma cewa biased against. Uwa tana karkata ga ɗanta, wannan bias ne na so. Prejudice kuwa galibi ƙi ne. Na biyu, bias ba ya buƙatar mugun nufi. Ki ɗauki mudun da gindinsa ya lotsa. Mai awon mutumin kirki ne, bai san ya lotsa ba, yana cika shi fal, amma duk wanda ya saya an tauye shi. Mudun ne biased, hatsin da ya ragu a buhun mai saye shi ne unfairness, prejudice kuwa babu ko ɗigonsa a wurin.

Lauyar Kaduna:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Bari in ƙara da abin da ya shafi kotu, don a nan ne bias ya fi yin nauyi. A shari'ar Ingila, wadda muka gaji da yawa daga cikinta, ba sai an tabbatar alƙali ya karkata ba. Ya isa a ce mai hankali da ya san yadda abin yake zai ga akwai yiwuwar ya karkata.

Misalin da ake koya mana shi ne na Pinochet, tsohon shugaban mulkin soja na Chile. An kama shi a Landan a watan Oktoba 1998. A watan Nuwamba alƙalai 5 na Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, suka yanke hukunci 3 da 2 cewa ba shi da rigar kariya. Sai ta bayyana ɗaya daga cikin ukun nan, Lord Hoffmann, darakta ne a reshen agaji na ƙungiyar Amnesty International, ita kuma Amnesty ta shiga shari'ar a matsayin mai ba da bahasi. A watan Disamba aka soke hukuncin gaba ɗaya, aka sake zama da alƙalai 7. Babu wanda ya ce Hoffmann ya tsani Pinochet ko ya yi maguɗi. Alaƙar kawai ta isa. Da a ce prejudice lauyoyin Pinochet suka zarge shi da shi, da sai sun shiga zuciyarsa, abin da ba wanda zai iya.

Ɗan Jarida:
Barista, na ji, amma ina da ja a kan yadda ake lallashin kalmar nan bias. A ganina ta zama mafaka. Ma'aikata ta ƙi ɗaukar baƙar fata shekara da shekaru, in asiri ya tonu sai a ce unconscious bias ne, wato karkatar da mutum bai san yana yi ba, a tara ma'aikata a yi musu bita ta yini guda, shi ke nan an wanke kowa. Wanda aka hana aikin fa? Shi da saninsa ya kwana da yunwa.

Ku duba abin da ya faru da Stephen Lawrence, saurayi baƙar fata ɗan shekara 18 da wasu samari farare suka kashe a Eltham, kudu maso gabashin Landan, a 1993. 'Yan sanda suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi, sai a 2012 aka samu mutum 2 da laifin. Rahoton Macpherson na 1999 bai tsaya cewa wasu 'yan sanda sun karkata ba. Institutional racism ya kira abin, wato wariyar launin fata da ta zauna a jikin hukumar kanta. Ya kira abin da sunansa, kuma sunan ne ya girgiza ƙasar. Da bias ya ce, da tuni an manta.

Tsohon Malamin Turanci:
Maganarka tana kan hanya, ɗana, ana fakewa da ita. Amma laifin mai fakewar ne. Kalmar tana da aikin da babu wadda za ta yi shi in ba ita ba.

Injiniya:
Na goyi bayan Malam a nan, ga dalilina daga fanninmu. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarin cewa Amazon sun yi watsi da wata manhaja da suka ƙera don tace takardun masu neman aiki. An horar da ita ne da takardun da kamfanin ya karɓa cikin shekara 10, mafi yawansu na maza. Sai manhajar ta koyi rage maki ga duk takardar da ta ga kalmar women's a ciki, kamar mace ta rubuta cewa ta shugabanci ƙungiyar wasa ta mata. Yaya Ɗan Jarida, kwamfuta ba ta da zuciya balle ta ƙi mata. Ba za ka ce tana da prejudice ba. Bias ne ya shige ta daga bayanan da aka ɗura mata, kuma da an bar ta tana aiki, abin da zai fito discrimination ne tsagwaronsa. Wace kalma za mu yi amfani da ita a nan in mun jefar da bias?

Ɗan Jarida:
Su waye suka tara takardun shekara 10 ɗin har suka zama na maza zalla? Mutane ne. Manhajar gādo ta ci.

Injiniya:
Gaskiya ne, amma gyaran ya bambanta. Mai prejudice wa'azi da zama da mutane yake buƙata. Manhaja mai bias bayananta za a sauya a sake gwada ta. In ka haɗa su a suna ɗaya, za ka ba ɗaya maganin ɗaya.

Nas a Ingila:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa a lokacin hutu, na ce sai na sa baki, don mu da ke aiki a nan wannan ba maganar ƙamus ba ce kawai. 'Yan uwanmu da yawa suna zuwa aikin jinya da kula da tsofaffi, a riƙa jibga musu aikin dare da ƙarshen mako, a ba wasu na safe. In ransu ya ɓaci su rubuta wa shugaba cewa this is unfair. Takardar nan ba ta zuwa ko'ina, don unfair ra'ayi ne, shugabar za ta ce ita a ganinta daidai ne. Wasu kuma su rubuta my manager is prejudiced, nan take a ce su kawo hujja, kuma ba su da ita, don ba a ɗaukar hoton zuciya.

Kalmar da take sa ofis ya miƙe tsaye ita ce discrimination, saboda ita ce ke cikin doka. Equality Act ta 2010 ta lissafa abubuwa 9 da aka hana ware mutum saboda su, ciki har da launin fata da asali, addini, jinsi, shekaru, naƙasa, da juna biyu. To amma in za ki rubuta ta, sai ki zo da aikin: ga jadawalin wata kaza, ga sau nawa aka sa ni dare, ga abokiyar aikina mai matsayi irin nawa sau nawa aka sa ta. Ba ruwanki da ko shugabar tana sonki.

Wani abu kuma, kora. Unfair dismissal a nan suna ne na doka, kuma yana da sharaɗin sai mutum ya daɗe a wurin aikin kafin ya iya kai ƙara. Ƙarar discrimination ba ta da wannan sharaɗin, har wanda ya nemi aiki aka ƙi ɗaukarsa yana iya shigar da ita. Na ga waɗanda suka haƙura suka tafi don an ce musu ba su daɗe ba, alhali ƙofar da ta dace da su a buɗe take.

Ɗalibar Fassara:
Anti, na gode ƙwarai. Amma in mutum bai faɗa da bakinsa ba, yaya za a gane saboda launin fata ne aka ƙi shi?

Lauyar Kaduna:
Ƙanwata, ta kwatance. Akwai wani bincike sananne da masana tattalin arziki 2, Bertrand da Mullainathan, suka wallafa a 2004. Sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanonin da suka yi talla a Boston da Chicago. Takardun iri ɗaya, suna kawai ake sauyawa: wasu a sa sunan da aka san farare da shi kamar Emily da Greg, wasu a sa na baƙaƙe kamar Lakisha da Jamal. Masu sunan farare sun fi samun kira da kashi 50 cikin 100. Ba a tambayi ko manaja ɗaya abin da ke ransa ba, amma wariyar ta fito fili.

Har ila yau doka ta san wariyar da babu niyya a cikinta. A Ingila indirect discrimination ake ce mata. A Amurka shari'ar Griggs da kamfanin lantarki na Duke Power ce ta kafa ta a 1971. Kamfanin, a jihar North Carolina, ya sa sharaɗin takardar gama sakandare ko cin wata jarrabawa kafin a ba mutum aikin da ya fi albashi. A fuska sharaɗin na kowa ne. Amma baƙaƙen yankin an daɗe ana tauye su a makaranta, don haka su sharaɗin ya fi zubarwa, kuma kamfanin ya kasa nuna cewa aikin yana buƙatar takardar. Kotun ƙoli ta ce ya saɓa wa dokar 'yancin jama'a ta 1964, ko da babu mugun nufi. Kin ga ke nan ana samun discrimination ba tare da prejudice ba, kamar yadda Malam ya nuna ana samun prejudice ba tare da discrimination ba.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga jama'a daga wannan gefen iyaka. Mu da muka yi boko da Faransanci akwai ramin da muke faɗawa. A Faransanci préjudice ɓarna ce ko cutarwa, irin wadda ake biyan diyya a kanta. Mummunan zaton da kuke magana kuwa préjugé ne. Ɗalibi daga nan in ya ga prejudice a Turanci sai ya ɗauka hasara ake nufi. Barista, ko Turancin ma yana da wannan ma'anar?

Lauyar Kaduna:
Yana da ita, Malam, a bakin lauyoyi ta maƙale. In muka ce jinkiri zai yi prejudice ga wanda ake ƙara, cutar da matsayinsa muke nufi. In kuma ka ga wasiƙar lauya an rubuta without prejudice a samanta, ma'ana tayin sulhu ne, abin da aka faɗa a ciki ba za a ɗauka a kai kotu a ce ya amsa laifi ba. A kotunan Amurka dismissed with prejudice na nufin an kori ƙarar kora ta har abada, ba a sake shigar da ita. Ƙanwata mai fassara, ki kiyaye wannan. In kika fassara shi da "an kori ƙarar cikin son zuciya", kin ɗora wa alƙali laifin da bai yi ba.

Alaramma:
Allah ya saka wa malamai da alheri. Ni ba Turanci na karanta ba, amma rabon da Malam ya yi tsakanin zuciya da aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. A Suratul Hujurat aya ta 12 an umarce mu mu nisanci da yawa daga zato, domin sashen zato zunubi ne. Wannan na zuciya ke nan. A Suratul Ma'ida aya ta 8 kuma aka ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci, ku yi adalci, shi ne mafi kusa ga taƙawa. Ku duba, ayar ba ta jira sai ƙiyayyar ta fita daga zuciya ba sannan ta nemi adalci. Ko tana nan, hannunka da hukuncinka ba su da izinin bin ta. Saboda haka zato daban, zalunci daban, kowanne da hisabinsa.

Tsohon Malamin Turanci:
Allah gafarta Malam, ka kawo mu gida. 'Yata, ga abin da zan ba ki shawara a fassararki. Prejudice ki ce mummunan zato, ko ƙyama in ya yi tsanani. Discrimination wariya ko nuna bambanci. Injustice zalunci. Unfair kuwa ya fi sauƙi, kalma ce ta yau da kullum da yara ke faɗa a filin ƙwallo, sau da yawa "ba a kyauta ba" ko "ba a yi adalci ba" ya ishe ki. Unjust ta fi nauyi, ta doka ce da mulki. Alƙalin wasa ya hana fenariti, unfair. An ɗaure mutum shekara 20 kan laifin da bai yi ba, unjust. Bias ki ce son kai.

Ɗan Jarida:
A nan ma ina da ja, Baba. Son kai yana ɗaukar ma'ana biyu, mai sauraro zai iya ji kamar rowa ko fifita kai ake nufi. Mu a ɗakin labarai mun fi cewa karkata ko ɓangaranci in jarida ce, son rai in alƙali ne. Manhajar Injiniya kuwa ba ta da kai ba ta da rai, karkata ce kaɗai za ta yi mata.

Tsohon Malamin Turanci:
Na karɓa, karkata ta fi faɗi.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni tambayata stereotype. Jikata ce ke yawan faɗa. Da na ce ta bayyana mini sai na ga ai kuɗin goro ne.

Tsohon Malamin Turanci:
Hajiya, ranki ya daɗe, fassarar da ta fi wannan sai an tona. Kalmar ta maɗaba'a ce. A Faransa, ƙarshen ƙarni na 18, in an jera haruffan shafi sai a zuba ƙarfe a fitar da faranti guda, a yi ta buga kofi dubbai da shi ba sauyi. Wani ɗan jaridar Amurka, Walter Lippmann, shi ya yaɗa ma'anar da muka sani a 1922: hoto guda a ka, ana buga wa kowa. Bambancinsa da prejudice shi ne stereotype zai iya zama na yabo, kamar a ce 'yan ƙabila kaza duk sun iya lissafi. Kuɗin goro ne dai, ko da na yabo ne. Shi ne kuma abincin prejudice.

Sauran 'yan gidan a gurguje: bigotry shi ne ta'assubanci, mutum ya kafe ya ƙi jin kowa. Favouritism shi ne 'yan mowa da 'yan bora. Nepotism fifita dangi, daga kalmar Italiyanci ta ɗan ɗan'uwa, saboda fafaromomin da suka riƙa naɗa 'ya'yan 'yan uwansu manyan muƙaman coci har Fafaroma Innocent na 12 ya hana a 1692.

Injiniya:
To bari in jefo wadda ta fi zafi. Makin shiga kwalejojin gwamnatin tarayya ya bambanta daga jiha zuwa jiha, na wasu jihohinmu na Arewa ya yi ƙasa sosai da na wasu jihohin Kudu. Abokan aikina 'yan Kudu discrimination suke kiran wannan. Mu kuma mu ce adalci ne. Wa ya yi daidai da kalmar?

Lauyar Kaduna:
A nan zaɓen kalmar shi ne shari'ar kanta. Tsarin mulkin 1999 yana ɗauke da abu biyun duka: sashe na 42 ya hana wariya saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, sashe na 14(3) kuma ya wajabta a raba muƙaman tarayya yadda kowane yanki zai samu wakilci. Turawa ma haka suke fama. A Amurka masu goyon bayan a fifita waɗanda aka bari a baya suna cewa affirmative action, masu adawa su ce reverse discrimination, abu ɗaya suna biyu, har kotun ƙolinsu ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'a a watan Yuni 2023, a shari'ar Harvard da jami'ar North Carolina. A Ingila sun raba shi biyu: positive action ya halatta, kamar ƙarfafa wa waɗanda aka bari a baya gwiwa su nema, positive discrimination kuwa, wato ɗaukar mutum don launinsa kawai, galibi haram ne a doka.

Nas a Ingila:
Ni dai zan faɗi abin da ke raina. Yarinyar da ta ci maki mai yawa aka ce babu gurbi saboda jiharta, an yi mata unfair, kuma kada mu ji kunyar faɗa don ba tamu ba ce. Ita ba ta rushe makarantar kowa ba.

Ɗan Jarida:
Anti, yaron ƙauyenmu da ya yi firamare a ƙarƙashin bishiya, malami ɗaya aji uku, shi wa ya rushe wa makaranta? In aka ce su yi tsere daga layi ɗaya, shi ma unfair ne.

Tsohon Malamin Turanci:
Ku biyun kuna amfani da fair, kowa da abin da yake nufi, kuma Turanci ya tanadi kalma ga kowannenku. Equality shi ne a ba kowa daidai wa daida. Equity shi ne a ba kowa gwargwadon halin da yake ciki. Nas tana kare na farko, Ɗan Jarida na biyu. Ra'ayina, tun da an tambaya: rage maki bias ne da aka sa da gangan don a rama wata tauyewa, kuma ana iya kare shi na wani lokaci. Abin da ba zan iya karewa ba shi ne shekaru su yi ta wucewa firamarenmu tana nan yadda take. Wannan shi nake kira injustice, kuma ba daga Kudu aka yi mana shi ba.

Ɗan Jarida:
Sannan a duba wa ke cin gurbin. Sau da yawa ɗan babban ma'aikaci ne da ya yi makarantar kuɗi a birni, ya shiga da makin da aka rage don ɗan ƙauye.

Direban Tirela:
Barista, a taimaka mini da wannan, ba ta makaranta ba ce. Wani ƙanena ya nemi hayar ɗaki a wani gari a Kudu, an gama ciniki, da mai gidan ya ji sunansa sai ya ce ba ya ba Hausawa. Da bakinsa ya faɗa. Wannan sashe na 42 da kika ambata zai kama shi?

Lauyar Kaduna:
Yaya, abin da aka yi masa discrimination ne ƙarara, har prejudice ɗin ma mai gidan ya furta shi, wanda ba kasafai ake samu ba. Matsalar tana ga yadda aka rubuta sashen. Yana magana ne kan wariyar da ta fito daga wata doka, ko daga yadda ake aiwatar da ita, ko daga matakin gwamnati. Da shi kotun ƙoli ta yi aiki a shari'ar Ukeje a 2014, ta soke al'adar da ke hana 'ya mace gādon mahaifinta a ƙasar Ibo, saboda al'ada tana cikin dokokin da kotu ke aiki da su. Mai gida da ɗakinsa kuwa ba doka ba ne ba gwamnati ba, don haka kama shi da wannan sashe yana da wuya. A Amurka sai da suka yi doka ta musamman kan gidaje a 1968, a Ingila kuma Equality Act ta haɗa har da masu ba da haya.

In ƙanenka ya riga ya biya wani abu, kuɗin dillali ko kafin alƙalami, wannan maganar yarjejeniya ce, yana da haƙƙin a mayar masa, kuma nan ne ƙafarsa ta fi ƙarfi. Ya adana rasit da saƙonnin waya, ya rubuta ranar da abin ya faru da kalaman mai gidan yadda ya faɗe su, da sunan wanda ya ji. Zai iya kai koke ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke jihar, ya kuma sanar da Sarkin Hausawan garin, don irin wannan sau da yawa a zaman sulhu ake warware shi kafin a kai ga kotu.